Kalmomin da ke jikin kwalbar man zaitun: darussan da na koya kafin na ajiye aiki

Na ajiye aiki a ofishin fassararmu na Bari, babban birnin yankin Puglia a kudancin Italiya, a ƙarshen kakar zaitun da ta wuce, kuma tun daga lokacin abokan aiki, musamman matasan da suka shigo bayana, suke tambayata dalilin da ya sa na bar teburin da na fi kowa daɗewa a kansa, wato na masu man zaitun. Waɗanda muka zauna tare sun san yadda ofishin yake, sun kuma san irin takardun da ke kwararowa daga Oktoba zuwa Janairu, lokacin da injinan tatsa a Puglia ke aiki dare da rana, saboda haka ba zan tsaya bayanin aikin yau da kullum ba. Zan fi mai da hankali ne ga abu ɗaya da ya faru tsakanina da shugabar sashenmu, domin a cikinsa na fahimci wannan sana'a fiye da duk abin da aka karantar da ni a jami'ar baƙi ta Perugia.

Duk wanda aka zaunar a wannan teburi ya kamata ya sani tun ranar farko cewa kalmomin da ake rubutawa a jikin kwalbar man zaitun doka ce ta auna su, kowace da ma'auninta. Idan Ba'italiye ya rubuta "olio extra vergine di oliva", alkawari ya ɗauka cewa da inji kawai aka fitar da man daga 'ya'yan zaitun ba tare da wani sinadari ba, cewa asid ɗin da ke cikinsa bai wuce giram 0.8 a kowane giram 100 ba, kuma cewa idan kwamitin maɗanɗana ya ɗanɗana shi ba zai sami aibi ko ɗaya ba. Idan ya cire "extra" ya bar "vergine", iyakar asid ta koma giram 2, an kuma yarda da ɗan aibi kaɗan a ɗanɗano. Wanda ya haura haka sunansa "lampante", daga kalmar fitila, domin a da shi ake zubawa a fitilu, kuma doka ta hana a sayar da shi don ci sai an kai shi matata an tace. Waɗannan iyakoki suna cikin dokokin Tarayyar Turai ne, suna kuma tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙa'idojin Majalisar Zaitun ta Duniya da ke Madrid, wadda aka kafa a 1959. Abin da ya fi shafar mu masu fassara shi ne dokokin sun riga sun fito a Italiyanci da Ingilishi duka, sashe a gaban sashe, don haka a rabin wannan aiki abin da ake buƙata ga mai fassara shi ne ya buɗe dokar ya ɗauko kalmar da aka riga aka yanke, ya ajiye gwanintarsa a gefe.

Akwai kuma "olio di sansa di oliva", wanda ya dame ni fiye da yadda ya dami abokan aikina Turawa. Sansa ita ce ragowar ɓawo da ƙwallo da naman zaitun bayan an fitar da mai, kamar tunkuzar da ke saura a hannun mai ƙuli-ƙuli bayan ta matse man gyaɗa, sai dai ita ana kai ta wata masana'anta a jiƙa ta da sinadarin hekzen, a tsotse ɗan man da ya maƙale, a tace shi, sannan a gauraya shi da ɗan man "vergine" don ya sami ƙamshi. Sunansa a Ingilishi "olive-pomace oil", kuma doka ba ta yarda a kira shi man zaitun kai tsaye ba. Na san darajar da mutanenmu ke ba zaitun, itacen da Alƙur'ani ya kira mai albarka, kuma na sha ganin gwangwani a shagunan magungunan Musulunci a gida ɗauke da kalmar "pomace" da ƙananan haruffa, mai saye ya biya kuɗinsa yana zaton ya sayi mafi kyawun mai. Duk lokacin da wani ɗan kasuwa ya nemi in sassauta wannan kalma a takardarsa, irin wannan mai saye nake tunawa.

Aikin da ya jawo rigimar na wani ɗan kasuwa ne da ke sayo mai yana ɗurawa a kwalba da sunansa, ya kuma sami babban mai saye a Ingila. An kawo mana takardar jikin kwalba da takardar bayanin kaya. Maganganu biyu a cikinsu su ne ƙashin bayan lamarin. Na farko shi ne "estratto a freddo", na biyu kuma "miscela di oli di oliva originari dell'Unione europea", a ƙarƙashinsa an rubuta "confezionato in Italia".

Na farkon sai wanda ya shiga matatsa da ƙafarsa zai gane nauyinsa. Wani dattijo mai matatsa a kusa da Corato, garin da irin zaitun ɗin Coratina ya samo sunansa, ya taɓa zagayawa da ni wurin aikinsa. A tsakar gida ya nuna mini manyan duwatsun niƙa da mahaifinsa ya yi aiki da su, waɗanda ake kira "molazze", yanzu an jingine su ana shuka fure a gindinsu, ya kuma nuna mini tarin faifan igiya da ake kira "fiscoli", waɗanda a da ake shafa niƙaƙƙen zaitun a kansu, a jera su ɗaya bisa ɗaya, a danne da injin matsa har mai da ruwa su tsiyayo. Daga nan ya shigar da ni inda ake aikin a yau. Zaitun ya shiga ta wannan baki a wanke, injin guduma ya farfasa shi, a zuba ƙullun a wani dogon kwami na ƙarfe da ake kira "gramola" inda ake juya shi a hankali na kusan rabin sa'a don ƙananan ɗigon mai su haɗu da juna, sannan a tura shi cikin injin da ke juyi da tsananin gudu ya ware mai daban, ruwa daban, sansa daban. Babu matsa ko ɗaya a cikin wannan layi. Dattijon ya ɗora yatsa a kan ma'aunin zafin da ke jikin kwamin ya ce mini, "Ɗana, nan ne sanyin yake, muddin bai kai digiri 27 ba." Doka ta raba waɗannan hanyoyi biyu da suna biyu. "Prima spremitura a freddo", wanda Ingilishinsa shi ne "first cold pressing", an keɓe shi ne ga man da aka fitar ta tsohuwar hanyar matsa, a matsin farko, ƙasa da digiri 27. "Estratto a freddo", wato "cold extraction", na man da aka fitar da injin juyi ne ko ta tsiyayarwa, shi ma ƙasa da digiri 27. Wannan yana sashe na 5 na dokar Turai mai lamba 29/2012, wadda ta 2022/2104 ta maye gurbinta a Tarayyar Turai, kuma Birtaniya ta ci gaba da riƙe waɗannan ƙa'idoji bayan ficewarta.

Magana ta biyu ta fi ta farko haɗari. Italiya tana cin mai da fitar da shi waje fiye da abin da gonakinta ke bayarwa, shi ya sa take shigo da shi da yawa daga Sifaniya, wadda ta fi kowace ƙasa noman zaitun, da Girka da Tunisiya, a gauraya a ɗura a kwalba a cikin ƙasar. Matsalar ta ƙara tsanani a kudancin Puglia tun da aka gano cutar Xylella a yankin Gallipoli a 2013, wadda ta busar da miliyoyin itatuwa a Salento. Gaurayawa ba laifi ba ne, amma tun 2009 wajibi ne a faɗi asalin man a jikin kwalba. Takardar da aka kawo mana ta faɗi gaskiya: gaurayen man ƙasashen Tarayyar Turai ne, a Italiya aka ɗura shi kawai. Na fassara ta yadda take, "blend of olive oils of European Union origin", a ƙasa kuma "packed in Italy".

Da na miƙa aikin, shugabar sashe ta kira ni ofishinta ta ce Ingilishina na littafi ne, ba shi da rai. Ta ce Bature mai saye a kanti labari yake saye, bai damu da lambar doka ba, kuma duk duniya "first cold pressed" aka sani. Na ce mata, "Dottoressa, matatsar da ta yi wannan mai ba ta da injin matsa, kuma rabin man ma ba a ƙasar nan aka tatse shi ba." Na buɗe mata dokar a harsunan biyu. Ta duba sama-sama ta ce, "Kai dai ka fassara, kasuwa kuma ka bar mini." Na fito ina zaton maganar ta ƙare a inda na tsaya, domin ba ta ce in canza komai ba. Ashe bayan na tashi ta buɗe takardar ta mayar da "cold extraction" zuwa "first cold pressed", ta share maganar gauraye, ta rubuta "Product of Italy" a madadin "packed in Italy", sannan ta aika wa ɗan kasuwar da shafin shaida mai ɗauke da sunana a matsayin mai fassara.

An buga takardun, an manna, an loda kaya. Jami'ar kula da ingancin kaya ta kamfanin da ya saya a Ingila ta nemi takardun asalin man da na matatsa, kamar yadda kowane mai shigo da kaya na kirki yake yi, ta ga man Sifaniya da na Girka a ciki, ta kuma ga cewa injin juyi ne ya fitar da shi. Ta ƙi karɓar kayan sai an sake musu takarda. Kwalaben suka zauna a ɗakin ajiya ana biyan haya, aka ɗauki ma'aikata suna ɓamɓare takarda ɗaya bayan ɗaya, ɗan kasuwar kuma ya zo ofishinmu a fusace yana neman a biya shi asararsa.

A taron da aka yi da shi ina zaune a ƙarshen teburi. Shugabar ta ba shi haƙuri da murya mai taushi, sannan ta ce, ba tare da ta dubi inda nake ba, wai mai fassarar da ya yi aikin yana da ƙoƙari, sai dai Italiyanci da Ingilishi duka ba harshen uwarsa ba ne, kuma kalmomin fasaha sukan kuɓuce wa irinsa. Ɗan kasuwar ya juyo ya dube ni, irin kallon da ke nuna cewa dama ya yi zargin haka tun da ya ga fuskata. Ban ce uffan ba a gaban baƙo, domin ba a haka aka rene ni ba. Asarar kuɗin alawus da aka yanke mini ba ta tsaya mini a rai ba kamar wannan jimla guda. Ta san sarai wanda ya buɗe mata doka da wanda ya rufe ta, amma da ta nemi mafita sai ta miƙa hannu ga abin da ya fi sauƙin gaskatawa a wannan ƙasa, wato cewa baƙar fata ɗan Afirka ba zai san harshen Turawa kamar su ba.

Washegari na kai wa mai ofishin kwafin saƙon da na aika mata da fassarata ta asali, da kwanan wata da lokaci a jikinsa. Ya karanta, ya yi shiru, ya ce ya gani, amma a bar zancen, kada abokin ciniki ya ji cewa muna jayayya a cikin gida. Ba a janye kashin kajin da aka shafa mini ba, ba a kuma mayar mini da abin da aka yanke ba. Aikin gyaran ma ni aka ba, kuma gyaran bai wuce in mayar da kalmomin da na rubuta tun farko ba, aka aika da su a matsayin aikin da shugabar sashe ta duba ta daidaita. Har na bar ofishin ba ta taɓa ta da maganar ba.

Zan yi mata adalci a wuri ɗaya. Maganarta a kan kasuwa tana da tushe. A Amurka, wadda ba ta cikin Majalisar Zaitun ta Duniya, ma'aunin da ma'aikatar noma ta sabunta a 2010 na ganin dama ne, kuma kantuna cike suke da kwalaben da aka rubuta wa "pure" ko "light", alhali yawanci tataccen mai ne da aka sa wa ɗan "vergine", kuma "light" ɗin ɗanɗano da launi yake nufi, kitsen yana nan yadda yake. Wanda ya saba ganin wannan zai ɗauka cewa Ingilishin man zaitun fili ne da kowa zai yi sukuwa a ciki. Amma wannan sakaci ne ya jawo wa man Italiya zargi, musamman bayan binciken jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2010, wanda ya nuna cewa yawancin samfurin man da aka shigo da shi da sunan "extra virgin" bai cika sharuɗɗan ɗanɗano ba. Wanda ke biyan kuɗin wannan zargi shi ne irin dattijon Corato, da ke tsinkar zaitunsa da wuri ya tatse shi a ranar, ya yarda da ƙarancin mai don ya sami inganci, sannan ya tarar da kwalbarsa a kanta ɗaya da gauraye mai ɗauke da kalmomi irin nasa a rabin farashi. Mai fassarar da ya yarda ya ƙawata takardar ɗan gauraye ya sa hannu a cutar da wannan manomi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ɓangaren da na fi jin daɗinsa a aikin, wanda kuma zan fi kewa, shi ne kalmomin ɗanɗano. Na roƙi wata shugabar kwamitin maɗanɗana ta bar ni in zauna a bayan ɗaki ina kallo. Mutum takwas zuwa goma sha biyu ne, kowa a ɗan keɓaɓɓen wurinsa, a gabansa ƙaramin kofin gilashi shuɗi mai duhu don kada launin mai ya ruɗe shi, an rufe bakinsa da faifan gilashi, an ɗumama shi zuwa kusan digiri 28. Mutum zai buɗe ya shinshina, ya kurɓi kaɗan, ya ja iska ta tsakanin haƙoransa da ƙara, wanda suke kira "strippaggio", sannan ya yi alama a takarda. Tsakanin kofi da kofi sai a ci ɗan yankan tuffa. A nan na gane cewa ƙamus na iya kai mutum ya baro. "Riscaldo" a zahiri ɗumama yake nufi, kuma sabon shiga zai rubuta "heated", amma wannan sunan wani aibi ne daban, na ƙullun da aka zafafa fiye da kima a lokacin juyawa. "Riscaldo" warin zaitun ne da aka tara a buhu ko a tsibi ya kwana yana ruɓewa kafin a tatse shi, kuma sunansa a Ingilishi "fusty". "Piccante" ba ruwansa da barkono, zafin nan ne da ke kama maƙogwaro har mutum ya yi tari, kuma "pungent" ake ce masa. A man Coratina wannan zafi da ɗacin da ke tare da shi abin alfahari ne, domin alama ce ta yawan sinadaran da ke kare man daga lalacewa. "Dolce" kuwa ba zaƙi ba ne, mai ne da ɗacinsa da zafinsa ba su wuce 2 a ma'aunin kwamiti ba, kuma "mild" ne fassararsa. Asid ɗin da na ambata a farko ma harshe ba ya jin sa, sai a ɗakin gwaji ake gano shi, don haka duk wanda ya fassara ƙarancinsa da cewa man ba shi da tsami ya faɗi abin da mai man bai faɗa ba.

Sauran abin da na koya gajeru ne. "Frantoio" matatsa ce, amma kuma sunan wani irin zaitun ne da aka fi sani a Toscana, sai ka duba babban harafi da zancen da ke kewaye. Sunayen iri kamar Ogliarola da Taggiasca da Nocellara del Belice ba a fassara su, haka ma sunayen da aka yi wa rajista kamar Terra di Bari, sai dai haruffan da ke nuna an kare sunan yankin da kayan suka fito, na DOP su koma PDO, na IGP su koma PGI. Waƙafin Italiya a 0,8 ɗigo ne a Ingilishi, "quintale" kuma kilo 100 ne. "Da consumarsi preferibilmente entro" shi ne "best before", kuma wanda ya rubuta "use by" ya mayar da mai kamar ɗanyen nama. Kada ka bar maganar amfanin man ga lafiya ta wuce abin da dokar Turai mai lamba 432/2012 ta yarda da shi, komai roƙon mai kaya.

Ga matasan da suka gaji teburin kuma, ku aika wa kanku kwafin duk abin da kuka miƙa kafin ya shiga hannun mai dubawa, ku nemi ganin takarda ta ƙarshe kafin a sa sunanku a shafin shaida, kuma idan aka ce muku ku bar kasuwa ga wanda ya san ta, ku nemi a rubuta muku hakan. Kundin kalmomin da na tara a tsawon zamana na bar shi a kwamfutar ofis, kowace kalma da lambar dokarta da sashenta, da sunan matatsar da na tabbatar da ita a ciki idan doka ba ta ambace ta ba. An gaya mini da shi ake aiki har yanzu, har da shugabar sashen, amma an cire sunana daga shafin farko. Na rubuta wa mai ofishin na nemi a mayar da shi, kuma ina jiran amsarsa.